Godox AD200Pro a Hoton Dare: Inda Take Fitar da Mai Hoto Kunya da Inda Take Barinsa da Dabararsa

Duk wanda ya tare ni da maganar wannan fitila, ƙarfinta yake fara tambaya. Alhali a aikin dare ƙarfi shi ne abu na ƙarshe da zai dame ka. Ni sana'ata hoton biki ce a Kano, kamu da dina da walima, sai hoton kafin aure idan ya samu, kuma mafi yawan aikin nan sai bayan isha'i ake fara shi. AD200Pro ta daɗe a jakata, ta sha hazon hunturu, ta sha yayyafin damina. Hukuncina a kanta shi ne: ta ci kuɗinta ga wanda yake da yaron da zai riƙe masa ita, kuma ta raba ni da fargabar ɗauke wuta. Amma babbar matsalar dare, wato kyamara ta ga fuskar da za ta kama, wannan ba ta magance ta ba. Kai za ka san yadda za ka yi.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, filasha ce mai batir ta kamfanin Godox da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Ta farko, AD200, ta fito a 2017, wannan mai Pro ɗin kuma ta biyo baya a 2019. Siffarta kamar sandar sabulun wanki, doguwa mai kusurwa huɗu, nauyinta da batir da kai bai kai kilo ɗaya ba. Ƙarfinta 200Ws ne, wato kusan ninki uku na filashar da muke ɗorawa a saman kyamara. Tana zuwa da kai biyu da ake cirewa a sauya: ɗaya mai gilashi irin na filashar da aka saba, yana tattara haske ya tura shi gaba, ɗaya kuma ƙwai ne tsirara da ke watsa haske ta ko'ina, shi ne ya fi dacewa da cikin lema ko sofbos, wato akwatin yadi da ke tausasa haske. Akwai kai na uku mai da'ira, H200R, amma shi daban ake sayensa. Ba ta da ƙafar da za ta hau kan kyamara, sam. Sai ka haɗa ta da tiriga, ni XPro nake amfani da ita, wadda ke zama a kan kyamara tana ba ta umarni ta iska.

Rashin hawa kan kyamarar nan wasu suna ganinsa aibi. Ni a wurina shi ne rabin amfaninta, kuma hunturu ne ya fi nuna haka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan an yi biki a fili ko a tsakar gida, ƙura tana nan a iska ko ba ka ganinta da ido. Ƙara da ƙafafun masu rawa da motocin da ke shiga da fita. Idan filasha tana kan kyamara, haskenta yana fita ne daf da gilashin kyamarar, sai ya fara dukan ƙurar da ke gaban hancinka kafin ya isa ga amarya. Abin da za ka gani a hoto shi ne ɗigo-ɗigo farare masu da'ira sun cika ko'ina, fuska ta yi fari-fari, baƙin kwalli ya koma toka-toka. Ba gyaran da za ka yi a kwamfuta ya dawo da shi yadda ya kamata. Da zarar ka ɗauke fitilar ka kai ta gefe, taku uku ko huɗu daga inda kake tsaye, ta dubi mutum a karkace, ƙurar da ke tsakaninka da shi ta daina samun haske. Hoton ya wanke tas. Jan idon nan da ke fitowa a hoton dare shi ma tafiyarsa ke nan, don dalilinsu ɗaya: haske yana tafiya ya dawo ta hanya guda.

Har ma hazon yana iya zama ado. Idan na sa yarona ya zagaya bayan ango da amarya da fitilar, ya ɓoye ta a bayansu ya nufo ni da ita, ƙurar da ke iska tana kamawa ta yi musu wani zobe na haske a kai da kafaɗu. Irin hoton da amare ke fara sakawa a Instagram ke nan. Sai dai yana bukatar fitila ta biyu a gaba, ko aƙalla farin allo da zai maido da ɗan haske fuska, in ba haka ba inuwa kawai za ka samu.

Ɗauke wuta kuwa, ba mai hoton bikin da bai san wannan ɗan lokacin ba, tsakanin wuta ta tafi da inji ya tashi. Wani wurin daƙiƙa kaɗan ne, wani wurin sai an je neman mai riƙe da makulli. Na taɓa kasancewa a wani ɗakin taro, ba sai na faɗi sunansa ba, ana tsaka da shigo da amarya, ƙawaye sun jeru da ankonsu, sai ɗif. Masu bidiyon da suka jona fitilunsu a bango suka tsaya cak. Ni abin da ya rage mini a duniya shi ne AD200Pro da ke saman sanda a hannun yarona, kuma ita ba ruwanta da bango. Batirinta na litiyam ne, 14.4V da 2900mAh, kamfanin ya ce yana ba da walƙiya kusan 500 a cikakken ƙarfi. Da dare ba na zuwa kusa da cikakken ƙarfi. Yawanci tsakanin 1/16 da 1/64 na ƙarfinta nake yawo, don haka batir ɗaya yana kai ni ƙarshen dina da saura.

To amma a cikin duhun nan ne za ka gane abin da ba ta iya ba. Filasha tana haskawa ne a lokacin da aka danna, kyamara kuwa tana bukatar ta ga fuska kafin a danna. Sai ka ji gilashi yana kai-komo, zuuu gaba, zuuu baya, ya rasa abin kamawa, amarya kuma tana ta matsowa. Kai mai gilashin yana da 'yar fitilar LED da aka sa don ka ga inda haske zai sauka, amma ƙarama ce ƙwarai. A ɗaki mai duhu, kusa-kusa, tana ɗan taimakawa. Ka sa ta cikin sofbos, ta ɓace. Kai mai ƙwai tsirara kuwa ba shi da ita ko kaɗan, kuma shi ne wanda na fi ɗaurawa. Tiriga tana da jan haske da take jefawa don taimakon fokos, wato kyamara ta kama fuska sarai, yana aiki da tsofaffin kyamarori masu madubi, amma yawancin sababbin nan marasa madubi ba sa amfani da shi. Kenan wanda ya sayar da tsohuwar kyamararsa ya sayi sabuwa, ta wannan fuska baya ya ci.

Maganin da na tsaya a kai ba na kanti ba ne. Na ɗaure ƙaramar tocila a jikin sandar da roba, tana duban inda fitilar ke duba. Da wuta ta tafi, yaron ya kunna. Ba a ido yake haskawa ba, a ƙirji ko kafaɗa, abin da ya fallatsa fuska ya ishi kyamara. Hasken tocilar ba ya fitowa a hoto don filasha ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sannan ina neman wurin da baƙi da fari suka haɗu in ɗora fokos a kai: layin kwalli, gira, bakin ɗan kwali inda ya haɗu da goshi. Kumatu mai santsi ba abin da kyamara za ta kama a jikinsa. Masu kyamara marar madubi kuma su tuna su kashe saitin nan da ke nuna hoto yadda zai fito, don idan yana kunne kuma ka saita don filasha, allon baƙi ƙirin zai nuna maka. Abu na ƙarshe, na daina buɗe gilashi har f/1.4 a irin wannan yanayi. Tunda ga haske a hannu, a ɗan tsuke shi zuwa f/2.8 ko f/4 ya fi, ko fokos ya ɗan kauce ido yana nan a fili.

Inji ya tashi, wata sabuwa. Wutar ƙasar nan 50Hz ce, fitilun LED masu araha da masu ado ke zubawa a bango suna ƙyaftawa daidai da bugun wutar, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Shi ne za ka ga layi-layi a hoto, ko hotuna biyu a jere ɗaya ya yi kore ɗaya ya yi ja. A ƙa'ida shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta karɓi haske, idan tana 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa tana kwantar da abin. Ƙaramin janareta kuwa ba ya tsayawa a kan 50 ɗin, musamman idan an ɗora masa kayan sauti da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya riƙa hawa da sauka, fitilu suna binsa. A nan na fi yaba wa AD200Pro. Launin haskenta yana nan wajen 5600K, na rana tsaka, hoto bayan hoto. Tana ma da wani saiti na daidaita launi da ke rage kaucewa duk yadda ka hau ko ka sauka da ƙarfi. Idan fuska daga gare ta take samun haske, duk haukan da bango zai yi fuskar ba ta canzawa. Wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana gyara launin fata hoto ɗaya bayan ɗaya har asuba ya san darajar wannan.

Fitilun mai kiɗa su ne suka fi ba ni ciwon kai, masu juyawan nan shuɗi da shunayya da kore. Kore a fatar baƙin mutum ba kyau, ba yadda za ka yi da shi. Hanya biyu ce. Ko ka kashe su a hoto: shota ta hau 1/200, ISO, wato yawan jin hasken kyamara, ya sauko 200 ko 400, ka ƙara wa filasha ƙarfi, sai hasken ɗakin ya zama bai isa ya taɓa fuska ba. Ko kuma ka bar su su yi ado a baya, ka juya mutum ya ba su baya, fitilarka ta riƙe gaba. Na fi son ta biyu, don hoton dina da bayansa baƙi ƙirin ba shi da maraba da wanda aka ɗauka a gareji. Mutane sun kashe kuɗi a kan ado, suna son su gan shi. Sai in sauko da shota 1/60, wani lokaci 1/30, ISO 800 zuwa 1600, bango ya shigo da launinsa, filasha kuma a ƙaramin ƙarfi walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, tana daskarar da fuska ko ana rawa. A nan saukar ƙarfinta har 1/256 ke da amfani. Tsohuwar AD200 a 1/128 take tsayawa, kuma da ISO 1600 da sofbos daf da fuska, sau da yawa hakan ma ya yi yawa. Ita Pro tana kuma hawa da sauka da ɗan ƙaramin taki, kashi ɗaya bisa goma, ba tsalle ba.

Wani abu a gefe, tunda ana maganar mai kiɗa: fitilar leza mai zana layi a iska tana iya ƙona sansar kyamara, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, idan ta shiga gilashi kai tsaye, kuma marasa madubi sun fi shiga haɗari don sansarsu a buɗe take koyaushe. Ba ruwan AD200Pro a ciki, amma duk lokacin da na ga an kunna ta, nakan je in roƙi mai ita ya ɗaga ta sama da kawunan mutane.

Inda aikin ya fi bukatar hankali shi ne fata da tufafi, kuma a nan bikinmu ya bambanta da abin da ake gani a bidiyoyin koyarwa na Turawa. Ango ya sha farar shadda mai maiƙo, babbar riga har ƙasa, shi kuma baƙi ne wuluk. Amarya tana cikin leshi mai duwatsu, an ɗora mata gwaggwaro, mai kwalliya ta zuba mata abin ƙyalli a kan kumatu da karan hanci. Ka haɗa su a hoto ɗaya da dare. Idan ka bar fitilar a kan TTL, wato ta auna da kanta, farar shaddar nan za ta ruɗe ta, ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskar ango ta nutse. Ango ya matsa gefe, amarya ta rage ita kaɗai da duhu a bayanta, sai ta ƙara, goshin amarya ya yi fari fat. Ba laifin wannan fitila kaɗai ba ne, halin TTL ne a kowace filasha. Abin da nake yi shi ne in ɗauki hoto ɗaya da TTL, in danna maɓallin TCM da ke jikin XPro, ya mayar mini da awon zuwa saitin hannu, daga nan in riƙa gyarawa da kaina. Muddin nisan fitila da mutum bai canza ba, hasken ba zai canza ba, ko wa ya shigo ko wa ya fita.

Nisan nan kuma shi ne sirrin farar shadda. Haske yana raguwa da sauri: ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya bisa huɗu ya rage. Don haka nakan tsayar da wanda ya fi duhun kaya ko duhun fata kusa da fitila, mai fararen kaya ya koma can gefe mai nisa. Sannan ba na nufar mutum da tsakiyar sofbos, nakan ɗan karkatar da shi gefen hasken ya shafe shi, kuma a ɗaga shi daidai fuska don ƙirjin riga ya sami ragowa kawai. Aikin zaren da ke wuyan babbar riga, wanda aka biya maɗinki kuɗi mai yawa a kansa, sai ya fito da zanensa maimakon ya zama farin fili.

Baƙar fata ba ƙarin ƙarfi take so ba, faɗin haske take so. Tana maido da siffar abin da ya haska ta. Ka buga mata kai mai gilashi tsirara, za ka sami ɗigon fari mai zafi a goshi da hanci, sauran fuskar duhu. Ka sa ƙwai tsirara cikin sofbos mai faɗi ka matso da shi, sai hasken ya kwanta a kumatu a hankali, fatar ta yi sheƙi mai kyau. Don wannan dole ka sayi maƙalin S2 na Godox, shi ke riƙe fitilar ya ba ka damar ɗaura kowane sofbos mai bakin Bowens, wato bakin ɗaurawa irin na manyan fitilun hoto. Abin da ke cikin kwalinta maƙalin lema ne kawai. Duwatsun leshi ma haka suke, ƙaramin haske yana sa su tartsatsi har su janye ido daga fuska, babba yana kwantar da su.

Akwai wata hoda da wasu masu kwalliya ke gamawa da ita a ƙarƙashin ido, fara mai laushi. A ido ba a ganinta, filasha na sauka sai ta fito fari tas, amarya ta zama mai tabo biyu a fuska. Ba fitilar da ta tsira daga wannan, sai dai haske daga gefe yana rage shi. Abin da na mayar al'ada shi ne in ɗauki hoton gwaji tun a ɗakin kwalliya kafin a fito, in nuna wa mai kwalliyar a allo. Ba na cewa komai, ita da kanta take ɗaukar buroshi.

Gwaggwaro da hula kuma suna jefa inuwa. Littafi ya ce a ɗaga fitila sama ta dubo ƙasa. Ka yi haka da gwaggwaro mai faɗi ko mayafin da aka jawo gaba, idanu sun shiga rami. Nakan ce wa yaron ya sauko da ita kaɗan sama da ido. Dattijo mai tabarau kuwa, kai fitilar gefe sosai, ko ka ce, "Alhaji, a ɗan sunkuyar da kai kaɗan, ranka ya daɗe," walƙiyar ta bar gilashin.

Akwai wani amfani da ban taɓa ganin an rubuta shi a tallar fitila ba, amma a nan garin yana da girma. A wurin kamu ko walimar mata, ba kowa ke son ta fito a hoto ba. Akwai matan aure da za su ja mayafi su kau da kai da sun hango kyamara, kuma haƙƙinsu ne. Wata Hajiya, gwaggon amarya, ta taɓa tare ni tun daga ƙofa ta ce, "Ɗan nan, amarya aka kira ka ka ɗauka, ba mu ba." Na ce, "To Hajiya, in Allah Ya yarda ba za ki ga kowa ba sai ita." Fitila daf da amarya, ƙaramin ƙarfi, shota sama, waɗanda ke zaune a baya duk suka faɗa duhu. Na kai mata kyamarar ta duba da idonta, ta gyaɗa kai. Da filashar saman kyamara da ke watsa haske har bangon ƙarshe, wannan alkawari ba zai cika ba.

Damina tata matsalar daban. Bayan ruwan farko shinge yana tashi, ga ƙananan ƙwari, duk inda fitila take a kunne nan suke taruwa. Mai bidiyo ya kafa babbar fitilarsa, kafin minti biyu an yi mata rumfa, suna faɗawa cikin mayafin amarya. Filasha ba ta tara su, tunda ƙyaftawa take yi ta mutu. Nakan janye mutanena nesa da fitilar bidiyo in yi hotona cikin kwanciyar hankali. Sai dai AD200Pro ba a yi ta don ruwa ba, tana da ramukan shan iska a jiki. Yayyafi ya fara, leda nake rufa mata, in bar ƙasan a buɗe. Iskar da ke zuwa gaban hadari kuwa ba ta wasa da lema. Sanda mai lema a tsaye ita kaɗai a fili, jiran faɗuwa kawai take yi, kuma allon fitilar yana can ƙarshenta, daidai inda zai fara dukan ƙasa. A Pro an ɗan nutsar da shi ciki, an ƙarfafa gefen, duk da haka ina sa mata rigar roba. Ƙwan kuma gilashi ne, a cikin jaka yake kwana cikin kwalinsa.

Shi ya sa na ce sai da yaro. Kilo ɗaya ba komai ba ne a hannu, amma ka ɗora shi a ƙarshen sanda tare da S2 da sofbos, ka ɗaga sama tun daga shigowar amarya har yanka kek, kafaɗa za ta faɗa maka. A cikin cunkoson liƙi kuma ba inda za ka kafa ƙafa uku ba tare da wani ya yi tuntuɓe da ita ba. Akwai wayar EC200 da ke raba kai da jiki, kan ya hau sanda, jikin ya zauna a jakar kugu, ta rage nauyin sama sosai. Ita ma kuɗi ce daban. Lissafin sayen wannan fitila dai ba ya tsayawa a kanta: tiriga, S2, sofbos, sanda, batir na biyu, da ladan mai riƙewa.

Wani abin da ke faruwa a manyan bukukuwa, inda dangin ango suka ɗauko mai hotonsu, na amarya suka ɗauko nasu, kowa kuma Godox ce a hannunsa: sai ka ga fitilarka tana walƙiya ba ka taɓa komai ba. Tasharku ta zo ɗaya da wani. Yana dannawa taka tana tashi, batirinka yana tafiya, hotonsa yana lalacewa, ko ka zo dannawa ka tarar ba ta gama cika ba. Tashoshi 32 ne, ga kuma lambar ID daga 01 zuwa 99 da za ka saita a tiriga da fitila, wadda ke rufe ƙofar gaba ɗaya. Yawancinmu a tasha ta ɗaya muke barinta yadda ta fito daga kwali. Minti ɗaya ne aikin, a yi shi tun a gida.

Ta fuskar saurin cika ba ni da ƙorafi. A cikakken ƙarfi ƙasa da daƙiƙa biyu take ɗauka, a ƙarfin da nake aiki da shi da dare kuwa kusan nan take. Lokacin da uwar amarya ta rungume 'yarta, hawaye ya zubo, kana iya danna uku huɗu a jere duk su sami haske. Idan ka matsa mata a cikakken ƙarfi ba hutawa, tana da kariyar zafi da ke rage mata gudu har ta huce, amma wannan matsalar masu yaƙi da rana ce, ba ta dare ba. Haka shota mai gudu har 1/8000 da take iya bi, ban taɓa bukatarta bayan magariba ba.

Maganar batir, a kula da inda ake saye. Na taɓa karɓar na biyu a wani shago da araha, kwalinsa da rubutunsa ba maraba da na asali, amma bai kai rabin dina ba ya faɗi daga cike zuwa babu. Jabu ne. Na asali WB29 ake kiransa, kuma gara ka biya tsada wurin wanda za ka iya komawa ka same shi gobe. Cajinsa yana cin sa'o'i, don haka duk lokacin da aka kawo wuta da rana, shi nake fara jonawa kafin waya.

Farashinta lokacin da ta fito dala 349 ne, abin da zai zama a naira kuwa ya danganta da ranar da ka shiga kasuwa. A 2024 an fitar da AD200Pro II, kuma cikin abin da aka gyara har da fitilar dubawar nan da na yi kuka da ita. Wanda zai sayi sabuwa fil yau, kuma aikinsa na dare ne, ita ya kamata ya fara dubawa. Wanda ke aiki shi kaɗai, yana tsalle daga wannan tebur zuwa wancan, filashar Godox V1 ko V860III da ke hawa kan kyamara za su fi yi masa amfani a ɗaki mai farin silin da zai bugo haske daga sama, kuma duk tiriga ɗaya suke ji, in ya sami hali daga baya ya ƙara. Mai haɗa bidiyo da hoto kuma fitilar LED ce tasa, da ƙwarinta da komai.

Tsohuwar Pro tana yawo sosai a hannu yanzu, tunda masu hali suna sauyawa. Idan za ka karɓi ta hannu, je da tirigarka da kyamararka. Cire kan ka mayar, ka ji ko yana kullewa da kyau ba ya girgiɗi. Dubi ƙwan, idan ya yi baƙi a ciki ya sha wuya. Dubi kusurwar da ke kusa da allo ko akwai tsaga, alamar ta taɓa faɗuwa ce. Sa ta a cikakken ƙarfi ka danna sau goma a jere kana sauraron ƙararta, ka ga ko lokacin cikar yana ƙaruwa, ka kuma duba layin batir bayan nan. Ramin dunƙulen da ake ɗaura ta a sanda ma a gwada shi da maƙali, don idan ya lashe, gyaransa ya fi ƙarfin mai gyaran waya.